Dawaki Dubu, Igiya Ɗaya: Finafinan Yaƙi na Romaniya

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je Romaniya, can kudu maso gabashin Turai, inda kogin Danub yake ƙarasa doguwar tafiyarsa ya zube a Bahar Aswad. Abin da zai kai mu kuwa shi ne finafinan yaƙi da mutanen ƙasar suka yi, musamman daga wajejen 1960 zuwa 1989, da mutanen da suka tsaya gaban kyamara da bayanta. Sai a gyara zama, don sunayen nasu suna da ɗan nauyi a baki, amma labarin bai da wuyar ganewa.

Bari in fara da wani saurayi, Emil Rebreanu. Ɗan ƙabilar Romaniya ne, amma an haife shi a yankin Tiransilbaniya, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kakin wannan daula ya saka, ya zama ƙaramin hafsa. A watan Agusta na 1916 sai Romaniya ta shiga yaƙin a ɗaya ɓangaren. Ma'ana, mutanen da za a umarce shi ya harba yanzu masu harshensa ne, masu addininsa, masu irin sunansa. A watan Mayu na 1917 ya yi ƙoƙarin tsallakawa wajen 'yan uwansa, aka kama shi, kotun soja ta yanke masa hukunci, aka rataye shi a Ghimeș, a bakin iyaka. Yayansa marubuci ne, Liviu Rebreanu. Baƙin cikin ƙanin nan ne ya haifi littafin da ya fitar a 1922, wanda ma'anar sunansa ita ce Dajin Ratayayyu. Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, darakta Liviu Ciulei ya mai da littafin fim, kuma a 1965 ya karɓi kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Wannan ce babbar kyauta ta farko irinta da wani dogon fim na Romaniya ya samo a wurin.

Na kalli wannan fim fiye da sau ɗaya, kuma in za a tambaye ni wanda ya fi a duk waɗanda zan ambata yau, shi zan nuna ba tare da wani dogon tunani ba. Baƙi da fari ne, ya haura awa biyu da rabi, kuma ba a gaggawa a cikinsa. Ga laka, ga hazo, ga sojoji suna jan ƙafa a hanya kamar waɗanda aka zare wa lakka. Mai ɗaukar hoton, Ovidiu Gologan, ya san yadda ake sa sanyi ya fito a fuskar majigi har mai kallo ya ji shi a ƙashinsa. Jarumin labarin sunansa Apostol Bologa, kuma wani matashin ɗan wasa, Victor Rebengiuc, ya fito a matsayinsa. Da farko za ka ga Bologa mutum ne mai taƙama da aikinsa. Yana cikin alƙalan kotun sojan da suka yanke wa wani hafsa ɗan ƙabilar Cek, mai suna Svoboda, hukuncin rataya saboda ya yi yunƙurin gudu. Bai tsaya a yanke hukuncin ba, har wurin ratayar ya je don ya tabbatar komai ya tafi daidai. Sai dai idon wanda aka rataye ɗin ya bi shi gida. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Abin da ya sa nake girmama Rebengiuc shi ne bai yi wasan da ihu ko zubar da hawaye ba. Fuska ce kawai take canzawa a hankali, kamar bango da damina take ci ta ciki. Da Bologa ya ji za a mai da rundunarsu fagen daga na Romaniya, sai ya nemi hanyar tsira ta jarumta. Akwai wata babbar fitilar abokan gaba da take haske ramukansu da dare, ta hana kowa sakat. Ya auna ta da igwa ya tarwatsa, yana fatan janar zai saka masa da tura shi wani fagen daban. Janar ya yaba masa, amma da ya ji roƙon sai ya fusata. A ƙarshe aka sake kiran Bologa ya zauna a kotun soja, wannan karon don ya yi wa manoma 'yan ƙabilarsa shari'a. Ya tashi ya nufi bakin daga da ƙafa, aka tare shi, igiyar da ya taɓa sa wa wani hannu ta dawo wuyansa. Ciulei da kansa ya fito a matsayin Klapka, wani kyaftin da ya san gaskiya sarai amma tsoro da tunanin iyali suka ɗaure masa baki. Anna Széles kuma ta fito a matsayin Ilona, 'yar mai haƙa kabari, wadda Bologa ya so a kwanakinsa na ƙarshe.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo a kunnenmu ba. A wannan yaƙin dai, a Kamaru, akwai Hausawa cikin rundunar Ingila, akwai kuma Hausawa cikin ta Jamus. Kowa da kakin wani, kowa da umarnin wani. Ko da wannan kaɗai, Bologa ya cancanci mu saurare shi.

Shi Ciulei asalinsa ilimin zanen gine-gine ya karanta tare da wasan kwaikwayo, shi ya sa in ka lura kowane hoto a fim ɗinsa a tsare yake kamar ɗakin da aka auna. Kafin Dajin Ratayayyu ya yi wani fim ɗin yaƙi, Igiyoyin Ruwan Danub, wanda ya samu lambar yabo a bikin Karlovy Vary a 1960. Kusan duk labarin a cikin jirgin dakon kaya guda yake faruwa, a watan Agusta na 1944. Jirgin maƙare yake da makaman Jamus, kogin kuma cike da nakiyoyi. Mutum uku ne a tsakiyar labarin: matuƙin jirgin, da amaryarsa, da wani baƙo da aka haɗa su da shi wanda bai faɗi ko shi wane ne ba. A nan ne Irina Petrescu ta fara fitowa a fim, tana yarinya. Bayan nasarar Cannes, Ciulei bai sake ba da umarnin wani dogon fim ba. Ya koma dandalin wasan kwaikwayo na Bulandra a Bukarest, daga baya ya tafi Amurka ya shugabanci dandalin Guthrie. Ya rasu a 2011. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji takaici, don mutum mai irin wannan ido dogayen finafinai uku kacal ya bari.

(Ɗan kiɗa)

To, masu sauraro, wancan hanya ɗaya ce. Akwai ta biyu, wadda ta fi faɗi, ta fi ƙura, ta kuma fi jama'a, kuma ta girmi ta farkon. Tun a 1912 aka yi fim mai suna 'Yancin Romaniya, kan yaƙin 1877 zuwa 1878 da ƙasar ta yi tare da Rasha don ta fita daga hannun Turkawa. Fim ne marar magana. Aristide Demetriade ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin sarki Carol, wani attajiri Leon Popescu ya zuba kuɗi, rundunar soja ta ba da aron dakaru. Ku riƙe wannan na ƙarshen, aron dakaru, don shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, harkar fim ta koma hannun gwamnati ɗungurungum. Aka gina babbar masana'anta a Buftea, kusa da Bukarest. A farkon lamari, Tarayyar Sobiyet ake yabo. Amma sojojin Sobiyet sun fice a 1958, shugabannin Bukarest suka fara ja da baya daga Mosko, sannan Nicolae Ceaușescu ya hau a 1965 da aniyar ya nuna wa jama'arsa cewa shi magajin tsoffin sarakunan ƙasar ne. Mai irin wannan buri yana bukatar tarihi, kuma yana bukatar a ga tarihin da ido. Nan aka tsara jerin manyan finafinai da za su ba da labarin al'umma tun daga kakannin kakanni. An riga an fara da Tudor a 1963, na Lucian Bratu, kan boren 1821. Amma wanda ya zama sarkin wannan fage shi ne Sergiu Nicolaescu.

Injiniya ne, ba ɗan makarantar fim ba. An haife shi a 1930, ya fara da gajerun finafinan ilimantarwa, sai kwatsam aka ba shi Dacii, wato Dakiyawa, haɗin gwiwa da Faransa, wanda ya fito a 1967. Dakiyawa su ne mutanen da suka zauna a ƙasar kafin Rumawa su ci su da yaƙi a shekara ta 106 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Akwai wani wuri a fim ɗin da ba ya fita a ran wanda ya gani: za a aika manzo zuwa ga abin bautarsu Zalmoxis kafin yaƙi, kuma aiken shi ne a jefa saurayi sama ya faɗo kan masu da aka kakkafa. Wanda aka zaɓa ɗan sarki Decebal ne, uban kuma yana tsaye yana kallo, bai motsa ba. Wanda ya fito a matsayin uban shi ne Amza Pellea. Shekara guda bayan haka ya sake zama Decebal a fim ɗin Columna na Mircea Drăgan.

Sai babban, Mihai Viteazul, wato Mihai Jarumi, na 1971. Titus Popovici ya rubuta, Nicolaescu ya ba da umarni, Pellea ya hau doki a matsayin Mihai. Kashi biyu ne, ya haura awa uku. Mihai sarkin Walakiya ne da ya yi wa Turkawa tawaye, ya gwabza da Sinan Pasha a fadamar Călugăreni a 1595, ya shiga birnin Alba Iulia a 1599, a 1600 kuma ya haɗa Walakiya da Tiransilbaniya da Moldabiya a hannunsa na 'yan watanni, kafin a kashe shi a 1601 bisa umarnin janar Basta, wanda abokin ƙawancensa ne.

Gaskiya a faɗe ta, kallon yaƙin Călugăreni a wannan fim abin mamaki ne. Babu kwamfuta a lokacin. Duk mutumin da ka gani mutum ne, duk dokin da ya faɗi cikin taɓo doki ne. Dubban sojojin ƙasa aka tuɓe wa kaki aka saka musu rawani da sulke da kwalkwali, suka yi ta sukuwa a cikin ruwa da hayaƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu jafi ranar hawan daushe, ya ji ƙasa tana girgiza a tafin ƙafarsa, zai gane abin da Nicolaescu yake nema ya cusa wa mai kallo. Ya kuma samu: tikitin da aka sayar a cikin Romaniya ya haura miliyan 13, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 20 da kaɗan ba a lokacin. Tare da Pellea akwai Florin Piersic da Ilarion Ciobanu a matsayin 'yan gidan Buzescu, da Mircea Albulescu a matsayin wani limamin coci mai riƙe da makami, da Ion Besoiu a matsayin yarima Sigismund Báthory. Waɗannan sunaye har yau a bakin dattawan ƙasar suke.

Mai sauraro Musulmi zai tambaya, to yaya aka nuna Turkawa? A matsayin abokan gaba aka nuna su, babu ɓoye-ɓoye, kuma kamfanin Columbia da ya rarraba fim ɗin a ƙasashen waje har ya sa masa sunan da yake nuni da yaƙin 'yan Salibiyya. Sai dai Nicolaescu ya ɗauki matsayin Selim Pasha da kansa, ya mai da shi mutum mai mutunci, abokin Mihai da ƙaddara ta ajiye a ɗaya gefen. Waɗanda suka ci amanar Mihai a fim ɗin kuwa sarakunan Kirista ne na Turai. Wannan ma ba a banza aka yi ba, don ya dace da saƙon gwamnatin lokacin, cewa ƙaramar ƙasa ba ta da aboki sai kanta.

A nan ne nake da ja da wannan hanya ta biyu. Wanda ya ba ka aron doki, shi yake faɗa maka inda za ka nufa da shi. Masana tarihi na ƙasar, irin su Lucian Boia a littafinsa na 1997, sun nuna cewa an ɗora wa Mihai tunanin kishin ƙasa irin na ƙarni na 19, alhali shi basarake ne na zamaninsa, mai neman mulki da tsaron kansa. A zamaninsa ne ma aka yi dokar da ta ɗaure talakawa manoma a gonakin masu ƙasa, ba su da ikon tashi. Mai kallon da ya fito daga sinima yana share hawayen alfahari ba wannan yake tunawa ba.

Ɓoyon da ya fi wannan muni yana cikin finafinan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga watan Yuni na 1941 zuwa 23 ga Agusta 1944, Romaniya ƙarƙashin Marshal Ion Antonescu tare da Hitila take yaƙi. Sojojinta sun je har Stalingrad, sun mutu a can da yawan gaske. A ranar 23 ga Agustan ne sarki Mihai na wancan zamani ya sa aka kama Antonescu, ƙasar ta juya wa Jamus baya. To, finafinan zamanin gurguzu kusan dukkansu daga wannan rana suke fara ƙirga. Fim ɗin Doru Năstase na 1975 kan ɗaliban makarantar soja da suka tare hanya a Păuliș, a Satumban 1944 yake. Na Nicolaescu na 1986, wanda ma'anar sunansa ita ce Mu 'Yan Sahun Gaba, yana bin sojoji zuwa Hangari da Cekoslobakiya bayan an sauya sheƙa. Rawar da sarki ya taka an danne ta, an ɗaga ta jam'iyyar gurguzu. Shekaru ukun da suka gabata kuwa sai ka ce ba a yi su ba. A cikinsu ne aka yi wa Yahudawa kisan gilla a Iași a watan Yuni na 1941, da kuma a Odesa a watan Oktoba. Kwamitin bincike da Elie Wiesel ya jagoranta ya ba da rahoto a 2004 cewa tsakanin Yahudawa 280,000 zuwa 380,000 suka halaka a yankunan da ke ƙarƙashin ikon Romaniya, ban da dubban 'yan ƙabilar Roma. Rundunar da take ba da aron dakaru ba za ta ba da su don a nuna wannan ba.

Ko bayan faɗuwar Ceaușescu a Disamban 1989, inda aka ga Nicolaescu da kansa a gidan talabijin cikin masu juyin juya hali, daga baya ma ya zama sanata, bakin bai buɗe nan da nan ba. Fim ɗinsa na 1994, Madubi, ya sha suka saboda yadda ya tausaya wa Antonescu. A 2018 kuwa wani darakta na sabon zamani, Radu Jude, ya yi fim kan wata matashiya da take son ta shirya wasan tuna kisan Odesa a dandalin Bukarest, jami'i yana lallashinta ta sassauta, 'yan kallo kuma suna tafa wa waɗanda bai kamata a tafa wa ba. Ya ci babbar kyautar Karlovy Vary a shekarar.

Duk da haka ba zan yi wa Nicolaescu rashin adalci ba, don akwai fim ɗinsa guda da nake ajiyewa kusa da na Ciulei. A 1972 ya fito, shekara ɗaya bayan Mihai Jarumi, daga wani gajeren labari na Titus Popovici. Ma'anar sunansa: A Lokacin Na Yanke Musu Hukuncin Kisa Su Duka. Jarumin kuma Amza Pellea ne dai.

Shi Pellea an haife shi a 1931 a Băilești, a yankin Olteniya, ya rasu a 1983 yana da shekara 52. Mutanen ƙasarsa sun san shi da fuska biyu: sarki mai takobi, da kuma Nea Mărin, wani baƙauye mai ban dariya da ya ƙirƙiro da karin harshen garinsu. A 1977 ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Mosko. Amma a wannan fim ya fito da fuska ta uku. Shi ne Ipu, tsohon soja da ƙauye ya mayar wawa, wanda ba shi da aboki sai wani yaro da yake zaune a gidan limamin coci. Tare suke kamun kifi, tare suke wasan yaƙi.

Ana cikin 1944, sai aka tsinci gawar sojan Jamus a bayan gari. Jamusawa suka ce a miƙa wanda ya yi kisan kafin gari ya waye, in ba haka ba manyan gari za su biya da ransu. Sai ga manyan nan, limami da likita da sauran masu faɗa a ji, sun gayyato Ipu cin abinci, mutumin da jiya ba sa amsa gaisuwarsa. Aka zaunar da shi a kan tebur, aka cika masa faranti, aka yi ta kewaye-kewaye har aka zo kan magana: ya ce shi ya yi. Ku kalli Pellea a wannan wuri. Yana ci a hankali, yana duban kowannensu ɗaya bayan ɗaya, sai ka fara zargin cewa duk ɗakin babu wanda ya kai shi hankali. Ya yarda, amma da sharaɗi. A rubuta wa danginsa gona. A yi masa jana'iza irin ta manya. Kuma tunda ba zai ga ta gaskiyar ba, a gwada masa ita yanzu, a daren nan, yana kallo. Haka suka tashi dole, suka yi masa, da addu'o'i da jawabin yabo, yaron yana gefe yana ganin komai.

Da gari ya waye sai labari ya zo cewa Jamusawa sun janye, babu wanda za a kashe. Nan take fuskoki suka koma yadda suke shekaranjiya, alkawuran daren suka zama abin da kowa yake so a manta. Ba a yi arangama ko ɗaya a wannan ƙauye ba, babu doki, babu tambari. Yaron ne kawai ya tsaya yana duban manyan garinsu, ya yanke musu hukuncin da ya zama sunan fim ɗin.